Darasin Wannan Mako: Fargabar Mai Kansar Tumbi da Yadda Ake Kwantar Masa da Hankali Lokacin Kimo



Darasinmu na yau a kan jinya ne, kuma abin da ya ja mu gare shi abu ne da ya faru a cikinmu. Wani ɗan'uwanmu ɗan kasuwa, magidanci mai iyali, ya daɗe yana fama da ciwon ciki, ana ta ce masa olsa ce, yana ta shan maganin kemis. Da abin ya ci tura aka kai shi asibiti, aka zura masa bututu mai kyamara ta baki aka leƙa cikin, aka gutsuro ɗan nama aka auna, sai ga shi kansar tumbi ce. Likitoci suka tsara masa kimo. Ya je zagaye na farko, ya je na biyu. Ana gobe na uku, sai ya ce wa ƙaninsa ya nemo masa mota, gida Arewa zai tafi, in mutuwa ce ta same shi a gaban mahaifiyarsa. Da aka zauna da shi a tsanake, ashe ba ciwon ne ya fi damunsa ba. Ranar da ya dawo daga asibiti ya sha ruwan leda mai sanyi, maƙogwaronsa ya shaƙe, yatsunsa suka ɗauki zugi, shi kuwa ya yanke cewa maganin kashe shi yake yi. Nas ta riga ta yi gargaɗi a kan ruwan sanyi, amma da Turanci ta yi, wanda ya raka shi ranar kuma bai gane ba, ya dai gyaɗa kai. Da aka koma da mai jin harshen aka yi masa bayani, hankalinsa ya kwanta ya ci gaba da karɓar magani.

To ka ga, saura ƙiris tsoro ya raba mutum da maganinsa. Shi ya sa muka ga ya dace mu zauna mu fahimci wannan fargaba, mu san abin da ma'aikatan jinya ke yi don rage ta, mu kuma san inda hannunmu zai shiga.

Mece ce kansar tumbi, mene ne kimo

Tumbi shi ne jakar da abinci ke fara sauka cikinta bayan an haɗiye. Kansa, wadda wasu ke kira ciwon daji ko sankara, tana farawa ne idan ƙwayoyin halittar da ke shimfiɗe a bangon tumbi suka riƙa hayayyafa babu tsari har suka zama ƙari. A ƙididdigar duniya ta shekarar 2022, kusan mutum miliyan ɗaya ne aka samu da wannan ciwo a shekara guda. Babban abin da ke share masa hanya wata ƙwayar cuta ce mai suna Helikobakta failori, ita ce kuma ke haddasa yawancin gyambon ciki. Likitoci biyu 'yan Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, su suka gano ta a farkon shekarun 1980, har aka ba su kyautar Nobel a 2005. Shan taba, yawan cin gishiri da abincin da aka adana da gishiri ko hayaƙi, da gado a wasu gidaje, duk suna ƙara haɗarin. Ita kansar ba a ɗaukar ta daga wani. Cin abinci kwano ɗaya da mai ita, ko kwana ɗaki ɗaya da shi, ba ya sa wa kowa kansa.

Kimo kuwa magani ne mai ƙarfi da ke bin jini yana kashe ƙwayoyin da ke saurin hayayyafa. Wani ta ƙarin ruwa ake ba shi, wani ƙwaya ce ake haɗiya a gida. Zagaye-zagaye ake yin sa, da hutu a tsakani don jiki ya farfaɗo. A kansar tumbi akwai tsarin da za ku ga an rubuta CAPOX a kati: ƙarin ruwa rana ɗaya, ƙwaya kwana 14, hutu kwana 7, wato zagaye ɗaya mako uku ke nan. Akwai kuma wanda ake rubuta FLOT, shi duk mako biyu ake yi, yawanci sau huɗu kafin tiyata, sau huɗu bayanta. Likita ne ke zaɓa gwargwadon inda ciwon ya kai da kuma ƙarfin jikin majinyaci. Da yake maganin ba ya tantance ƙwayar kansa da sauran ƙwayoyin jiki masu saurin girma, yana taɓa cikin baki, hanji, gashi da ɓargon da ke ƙera jini. Daga nan tashin zuciya, gudawa, kasala da sauransu ke fitowa.

Daga ina fargabar take zuwa

Na farko, sunan ciwon kansa. A wajenmu da an ce kansa, sai kowa ya fara lissafin makara. Na biyu, rashin sanin abin da zai faru, kuma Bahaushe ya ce rashin sani ya fi dare duhu. Na uku, abinci. Mai kansar tumbi da ma ba ya iya ci sosai, loma kaɗan ya ji ya ƙoshi, yana kallon kansa yana ramewa, sai kowane kwano da aka ajiye masa ya zama abin tsoro. Na huɗu, kuɗi da kasuwa: wa zai zauna masa a rumfa a Bodija, wa zai karɓo masa bashi, da me za a sayi maganin zagaye na gaba. Na biyar, wanda ya fi shafarmu mu mazauna Kudu, shi ne baƙunta. Mutum yana kwance, ana magana a kansa da Turanci ko Yarbanci, uwa da 'yan'uwa suna can nesa.

Fargaba tana da alamu a jiki. Bugun zuciya, gumi, bushewar baki, rashin barci, saurin fushi, ko mutum ya yi shiru ya juya fuska bango. Akwai ma wani abu da masu jinya suka sani sosai: majinyacin da ya sha wahalar amai a zagayen baya, wani lokaci tun a hanya, ko da ya shaƙi warin asibiti, sai zuciyarsa ta fara tashi alhali ba a sa masa komai ba. Ba raki ba ne, ba kuma aljanu ba ne. Ƙwaƙwalwa ce ta haɗa wurin da wahalar da aka sha. Saboda haka ne ake dagewa a tare amai tun zagayen farko.

Kuma mu sani, wanda ya ji tsoro ba imaninsa ne ya yi rauni ba. Jiki ne da jini. Idan muka ce masa "haba, kamar ba namiji ba", ko "ina tawakkalinka", abin da muka yi kawai shi ne mun rufe masa baki, tsoron kuwa yana nan yana cin sa.

Abin da nas ke yi kafin a fara

Aikin nas a ɗakin kimo bai tsaya ga neman jijiya da rataye leda ba. Kwantar da hankalin majinyaci yana cikin abin da aka koya mata.

Farko tana tambaya. A wurare da yawa ana amfani da wani ma'auni mai sauƙi, daga 0 zuwa 10: a wannan makon damuwarka ta kai nawa? Wanda ya ce 4 ko sama, ana zama da shi a ji me ke damunsa, ciwo ne, barci ne, kuɗi ne, ko iyali. A nan ne al'adarmu ta "da sauƙi, alhamdu lillahi" take iya cutar da mu. Godiya ga Allah tana nan daram, amma nas tana tambaya ne don ta san abin da za ta yi. In ka ɓoye mata, ka hana ta aikinta. Ka gode wa Allah, sannan ka ce mata kwana uku ban runtsa ba.

Sai bayani. Nas takan faɗa wa majinyaci yadda ranar za ta kasance: za a ɗebi jini a auna, za a gwada nauyi, za a ba da maganin hana amai tukuna, sannan a sa ledar, wadda wata takan ɗauki kamar awa biyu. Takan kuma faɗi abin da zai iya biyo baya da ranar da ya saba zuwa. Abin da mutum ya san yana tafe ba ya razana shi kamar wanda ya faɗo masa kwatsam. Misali, cikin magungunan da aka fi ba masu kansar tumbi akwai okzalifilatin, shi ne mai sa sanyi ya zama abokin gaba na 'yan kwanaki: ruwan firij, ƙanƙara, taɓa ƙarfe mai sanyi, har alwala da ruwan asuba, suna iya kawo zugi a yatsu ko jin kamar maƙogwaro ya tsuke. Abin yana da ban tsoro, amma yakan wuce. Maganinsa ruwa mai ɗumi da rufe jiki, sannan a gaya wa nas a zagaye na gaba, musamman in yatsu sun fara mutuwa har sa maɓalli yana wuya. Haka zubewar gashi: wani haɗin yana zubar da shi, wani yana rage shi ne kawai, kuma yakan tsiro bayan an gama.

Wani abin da ke tayar wa mutane hankali shi ne a je a ce yau ba za a yi ba, a dawo mako mai zuwa. Sau da yawa dalilin shi ne awon jini ya nuna fararen ƙwayoyin jini ba su gama dawowa ba, ana so jiki ya ƙara hutawa. Ba yana nufin ciwon ya ci ƙarfin magani ba. Ku tambayi dalili, kada ku tafi gida da zullumi.

Abin da take yi ana cikin ƙarin ruwan

Tana zaunar da majinyaci yadda zai sake, tana leƙo shi a kai a kai, tana faɗa masa abin da za ta yi kafin ta taɓa shi. In ta ga numfashinsa ya fara sauri, takan koya masa numfashin da ke saukar da bugun zuciya. Ga yadda yake, kowa ma zai iya koya: ka ɗora hannu a ciki, ka ja iska ta hanci a hankali kana ƙirga ɗaya zuwa huɗu, ka sake ta ta baki kana ƙirga ɗaya zuwa shida, ka yi ta maimaitawa minti biyar zuwa goma. Sirrin yana ga tsawaita fitar numfashin.

Akwai kuma dabarar sassauta jiki, wadda wani likita Ba'amurke mai suna Edmund Jacobson ya fito da ita tun shekarun 1920. Mutum ya ɗaure tsokar ƙafa na ɗan lokaci, ya sake, ya hau zuwa cinya, kafaɗa, har fuska, gaɓa bayan gaɓa, yana barin hannun da ke da allura a kwance. Da jiki ya saki, zuciya ma takan bi. Ana kuma ƙarfafa wa majinyaci ya zo da abin da zai ɗauke masa hankali daga kallon ledar: karatun da yake so a waya da abin sa wa a kunne, carbinsa, rediyo, ko hira mai daɗi da wanda ya raka shi.

Abu ɗaya da ba a haƙuri da shi: in wurin allurar ya fara zafi, ƙuna ko kumburi, ko majinyaci ya ji ƙirjinsa ya yi nauyi, ko jiki ya fara ƙaiƙayi, a kira nas nan take. Wannan ba wurin kawaici ba ne, kiran ma shi take so.

Bayan an koma gida

Yawancin fargaba a gida take tashi, cikin dare, inda babu likita. Don haka nas takan sallami mutum da tsari. Maganin hana amai a sha shi a kan lokacin da aka rubuta, kada a jira sai aman ya zo. Ƙwayar kafesitabin, wadda wasu suka sani da sunan Xeloda, safe da yamma ake sha, cikin rabin awa bayan cin abinci, kuma in an manta ba a haɗa biyu. Cikin magungunan hana amai akwai dekzametazon, wanda kan hana wasu barci ya sa su ji kamar ba za su iya zama wuri ɗaya ba. Wanda ya ji haka ya faɗa, domin wani lokaci sauya lokacin shan maganin kawai ke warware matsalar.

Batun abinci, a bar cika kwano. Kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida a rana ya fi: kunu, koko, fate, tuwo mai laushi, ƙwai, kifi, naman da ya dahu luguf. Abinci mai ɗumi-ɗumi ya fi mai tururi, don ƙamshi mai ƙarfi yana tayar da zuciya. A rage yaji da maiƙo. In baki ya yi gyambo, a kurkure da ruwan gishiri mai ɗumi, a yi amfani da buroshi mai taushi. Kuma don Allah mata da iyaye, a daina tsayawa a kan majinyaci ana "ci mana, ka ƙara ko loma ɗaya". Mun san ƙauna ce, amma shi takura yake ji. Ajiye masa kusa, ka zauna ku yi hira, sau da yawa sai ka ga hannu ya tafi kwano da kansa.

Ga alamun da ba a kwana da su a gida, a rubuta su a manna a bango:

1. Zazzaɓi da ya kai digiri 38, ko rawar sanyi, musamman tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan ƙarin ruwa, lokacin da garkuwar jiki ta fi yin ƙasa. Kada a ce maleriya ce a nufi kemis, kada a sha farasitamol a kwanta. Asibiti kai tsaye. Kowane gida mai irin wannan majinyaci ya sayi ma'aunin zafin jiki.
2. Aman jini, ko bayan gida baƙi kamar kwalta.
3. Aman da ya hana ko ruwa zama a ciki.
4. Gudawa sau huɗu ko fiye a rana a kan yadda aka saba.
5. Ciwon ƙirji ko ƙarancin numfashi.

Wani zai ce ai wannan jerin ƙara tsoro zai yi. A'a. Wanda ya san abubuwa biyar ɗin da ke bukatar gudu, ya huta da firgita a kan sauran. A karɓi lambar wayar da za a kira, a ajiye katin asibiti wuri ɗaya, a kuma san direban da za a tasa in dare ya yi.

In damuwar ta wuce misali, mutum ya yi mako biyu ba barci, ba walwala, ko ya fara cewa gara ya mutu ya huta, a gaya wa likita. Manyan asibitocin koyarwa irin UCH ta nan Ibadan suna da likitocin ƙwaƙwalwa da masu ba da shawara, da sashen rage raɗaɗi, da ofishin jin daɗin marasa lafiya inda ake kai kukan kuɗi. Zuwa wajensu ba hauka ba ne. Akwai maganin da likita kan rubuta na ɗan lokaci, amma kada kowa ya sayo wa majinyaci ƙwayar barci da kansa.

Namu aikin

Nas tana tare da majinyaci awa kaɗan, sauran kwanakin a hannunmu yake. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A samu mutum ɗaya tsayayye da zai riƙa raka shi kowane zagaye, wanda ke jin Turanci ko Yarbanci da gaske, ba mai gyaɗa kai ba. In mace ce majinyaciyar, a samo mata mace, don akwai abin da ba za ta faɗa a gaban ƙanin miji ba. Ya tafi da littafi, a rubuta tambayoyi tun daga gida. In nas ta gama bayani, ya maimaita mata abin da ya fahimta, ta gyara masa. Kuma mai fassara ya faɗi abin da aka ce, kada ya rage don tausayi.

Wannan ya kawo mu ga ɓoye wa majinyaci ciwonsa. Mun saba cewa kada a faɗa masa, zai karaya. Amma mutumin da ake kai wa ɗakin kimo, yana ganin waɗanda ke gefensa, yana ganin ana ƙus-ƙus a bakin ƙofa, ai ya sani. Abin da ɓoyon ke yi shi ne ya bar shi shi kaɗai da zarginsa. Abin da ya fi, a tambaye shi nawa yake so ya sani, a faɗa masa a hankali tare da likita. Babba ne, yana da iyali da basussuka da al'amuran da shi kaɗai zai iya tsarawa.

Masu zuwa dubiya, a taƙaita zama. Mai mura ko tari ya yi gaisuwarsa ta waya. A wanke hannu kafin a shiga. Kada a zauna ana ba da labarin wane da ya yi irin wannan ciwo bai kai wata uku ba. Kada kuma kowa ya zo da ƙullin maganinsa yana cewa a bar na asibiti. Duk wani sassaƙe ko jiƙo da ake son ba shi, a nuna wa likita tukuna, domin hanta da ƙoda ne ke tace kimo, wani haɗin kuwa yana iya yi musu nauyi. In azumi ya zo ana cikin magani, a tambayi likita a tambayi malam, kowa ya san mara lafiya yana da rangwame.

'Yan kasuwa kuma, ga inda za mu fi amfani. Tun farko a tambayi asibiti zagaye nawa ne, kowanne nawa zai ci, a san abin da ake fuskanta, a haɗa hannu tun kafin ranar ta zo. Wani ya riƙe masa rumfa da amana, ya riƙa kawo masa lissafi. Mutumin da ya san 'ya'yansa sun ci abinci kuma kuɗin zagaye na gaba yana ajiye, rabin fargabarsa ta tafi. In kuma yana son komawa gida kusa da dangi, ba laifi, amma kada a tafi a ɓoye. A gaya wa likita ya rubuta takardar tura shi, da sunan magungunan da ranar zagaye na gaba, don a ɗora a asibitin koyarwa na can, kamar na Malam Aminu Kano da ke Kano ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya.

A ƙarshe, duk wanda ya daɗe yana fama da abin da ake ce masa olsa, ga rama, ga saurin ƙoshi, ga amai ko baƙin bayan gida, ya daina jigila tsakanin kemis da kemis, ya je a leƙa cikin. Wanda kuma yake jin Turanci ko Yarbanci sosai, namiji ko mace, kuma zai iya ba da yini ɗaya don raka mara lafiya asibiti, ya ba da sunansa a ofishin sakatare bayan an idar da salla.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa masu jinyarsu da alheri, amin.